DAGA ALLON MALAM: Tsohuwar Land Rover ko Toyota ta zamani?

  Allah ya sa abin da munka zuba a rumbu ya kai mu wata damina.

A watan jiya na yi muku alkawari za mu yi zancen ajiyar wake, yadda za a tsare shi daga ƙwari. Ku yi mini gafara, zancen wake sai wata mai zuwa. Wata magana ta taso a garin da nake koyarwa, ta hana mu barci har mako uku, kuma na san ba mu kaɗai ke da irinta ba. Zancen sayen mota ne.

Garin yana arewa da Dakoro, tafiyar kilomita 50. Ba kwalta, ba burji, rairayi ne tun daga bakin gari. In damina ta zauna, kwarin Tarka ya jiƙa, sai laka ta karɓi aikin rairayi. Mota tana shigo mana sau ɗaya a mako, ran kasuwa. Sauran kwana shida sai babur, sai amalanke.

A watan Agusta na bara wata ɗiya ta kama naƙuda tun la'asar. Da dare ya yi ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Anka nemi mota ta salula, direban da anka samu ya ce yana nesa, kuma ba shi da mai. Ba ta iya zama bisa babur. Anka shimfiɗa mata tabarma cikin amalanken shanu, anka kama hanya. Gidan likita mafi kusa kilomita 18 ne, ba su kai ba sai da asuba. Daga can anka kira motar asibiti ta wuce da ita Dakoro. Allah ya yi uwa ta tashi, jinjiri bai zo da rai ba. Mijinta ɗalibina ne, a layi na biyu yake zama.

Bayan sadakar bakwai ƙungiyar gari ta zauna, ta ce sai an sayi mota. Maza sunka sayar da wake da raguna. Mata sunka fasa asusunsu na Mata Masu Dubara, irin tashin nan da anka fara a jihar Maraɗi tun 1991. Cikin shekara guda da ƴan watanni anka tara miliyan 3 da jika 200 na sefa. Da yake ni ke riƙe da littafin ƙungiya, dole duk gardamar da za a yi ta biyo ta kan allona.

Motoci biyu anka kawo labarinsu. Ta farko Land Rover ce, doguwa, mai lamba 109, ƙirar 1978, mai shan isansi. Tana ajiye cikin gidan wani ɗan kasuwa da ya rasu a nan Dakoro, shekara huɗu ba ta motsa ba, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta. Magada sun ce miliyan 1 da jika 400. Ta biyu Toyota Hilux ce, ƙirar 2008, mai shan gazuwal, inji D-4D, fara fat, a wajen wani dillali a Maraɗi. Shi kuma ya ce miliyan 7 da rabi, ba ragi.

Nan take gari ya rabu biyu. Dattawa na son Land Rover, samari na son Hilux. Mata sunka yi shiru tukuna.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma zuciyata tana wajen Land Rover. Ita ce motar da na fara shiga a duniya. Ina ɗan shekara bakwai mahaifina ya ɗora ni bisa buhunan hatsi za mu kasuwa, na leƙa ta taga ina kallon direba. Kusa da ƙafarshi akwai ƙarafa biyu ban da na giya, ɗaya mai kai rawaya, ɗaya mai kai ja. In rairayi ya fara nauyi sai ya danna mai rawaya, taya huɗu duka su kama aiki. In tudun ya yi tsanani sai ya tsaya ya jawo mai ja, motar ta riƙa tafiya kamar hawainiya tana gurnani, amma ba ta tsayawa. A lokacin na ɗauka babu mai ilimi a duniya kamar mutumin nan.

Dattawa kuwa abin nasu ya fi nawa zurfi. Shugaban ƙungiya, wanda duk muke ce wa Baba, ya ce a idonshi mota ita ce landiroba, sauran duk kwaikwayo ne. Ya ce cikinta kwamanda ke zuwa, cikinta masu huji ke zuwa yi wa shanu rigakafin bushiya, cikinta anka kawo musu hatsin agaji a yunwar 1984. Ya ce: "Malam, da tsohuwar zuma ake magani. Motar da ta ga Diori, ta ga Kountché, har yau ƙarfenta bai ci tsatsa ba, ita ce za ka haɗa da wagga ta roba?"

Maganar tsatsa gaskiya ce, kuma tana da dalili. An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948, bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da baƙin ƙarfe ya yi wuya har gwamnati ke rabon shi da ma'auni. Shi ya sa anka yi jikinta da sanholo, irin wanda maƙeranmu ke narkewa su yi tukwane. Sanholo ba ya tsatsa. Kuma tun farko don manoma anka yi ta, ta ja kaya a gona, ta juya injin niƙa ko na ban ruwa, ta kai mai ita kasuwa. Irin wadda ke gidan marigayin, ita ce ƙira ta uku, an yi ta daga 1971 zuwa 1985. Injinta mai tukunya huɗu ne, lita 2 da kwata. Ba kwamfuta a cikinta, ba wata waya mai wuyar ganewa. Wanda ya iya gyaran injin ban ruwa zai gane rabin abin da ke cikinta.

To, in haka ne, ina sunka tafi? Ku tsaya tashar Dakoro ran kasuwa ku ƙidaya. Motocin daji da za ku gani, kusan duka Toyota ne. Abin bai faru dare ɗaya ba. A 1984 mutanen Japan sunka fito da Land Cruiser mai lamba 70, wadda har yanzu ana ƙera ta. A 1987, a yaƙin Chadi da Libiya, sojojin Chadi sunka ɗora bindigogi bisa ƙananan Toyota sunka kori masu tankokin yaƙi daga Fada da Wadi Dum, har duniya ta sa wa yaƙin suna yaƙin Toyota. Duk direban da ke Sahara ya ji wanga labari. Ma'aikatun gwamnati da masu ayyukan raya karkara sunka koma sayen Toyota, in ta tsufa a yi gwanjonta, ta faɗo hannun ƴan kasuwa. Inda motoci sunka yi yawa, nan masu sayar da kayan gyara ke bi. Sannan a watan Janairu 1994 anka karya darajar sefa, duk abin da ke zuwa daga Turai kuɗinshi ya ninka. Masu Land Rover da yawa a lokacin ne sunka jingine ta bisa duwatsu. A ƙarshe ma, ran 29 ga Janairu 2016, masu ita sunka ƙera ta ƙarshe mai wanga siffa, sunka rufe. Akwai wata sabuwa da sunka fito da ita a 2020 da sunan gidan, amma wannan ta manyan birni ce, ba ta ɗaukar awaki ba.

Samari su kuma hujjarsu ɗaya ce: mai. Sun ce Land Rover rijiya ce, duk abin da anka samu a cikinta zai ƙare. Na ce to, mu daina musu da baki, ga allo ga alli. Daren nan darasin lissafi ya koma zancen mota, kuma ban taɓa ganin aji ya cika haka ba, har waɗanda sunka daina zuwa tun bara sun dawo.

Ga yadda munka yi. Zuwa Dakoro da komowa kilomita 100 ne. Direbobin da munka tambaya sun ce cikin rairayinmu, da kaya, Land Rover mai isansi za ta sha lita 20, Hilux kuwa lita 12. Munka ɗauki kuɗin man da gwamnati ta yanke a watan Yuli 2024: isansi tamma 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal tamma 618. Lita 20 sau 499 ya ba mu 9.980. Lita 12 sau 618 ya ba mu 7.416. Bambanci a kowace tafiya 2.564, ku ce jika biyu da rabi. In ana tafiya uku a mako, wato 12 a wata, Hilux za ta rage mana jika 30 da ɗoriya a wata, kusan jika 370 a shekara.

Samari sunka yi sowa. Na ce ku dakata, ba mu gama ba. Tsakanin kuɗin motocin biyu akwai miliyan 6 da jika 100. Wa zai raba mana wannan da jika 370? Mijin ɗiyar nan ne ya tashi, ya daɗe gaban allo, ya goge sau biyu, sannan ya rubuta 16 da rabi. Wato sai Hilux ta yi shekara 16 da rabi tana aiki kafin rangwamen mai ya biya tsadarta. Aji ya yi tsit. Baba ya gyara rawani, ya ce: "Ashe karatun naku yana da amfani."

Ni kaina na kwana da murna, don lissafi ya bi abin da zuciyata ke so. Amma wani abu ya tsaya mini. Mun lissafa kwanakin da mota ke tafiya, ba mu lissafa kwanakin da take kwance ba. Ni ban wuce aji shida na lakwal ba, ban san cikin inji ba. Saboda haka ran kasuwa na hau babur na zo Dakoro wajen wani tsohon makanike da ya yi shekara fiye da 30 yana kwance ƙarƙashin motocin daji.

Na same shi yana wanke hannu da gazuwal. Da na gaya mishi motar da ake nufi, sai ya yi dariya, ya ce ya san ta kamar yadda ya san ɗiyanshi, shi ya yi mata gyara na ƙarshe. Ya ce: "Malam, in kun kawo ta zan tashe ta cikin kwana uku. Batir, buji, wanke kabureta, sabon mai, shi ke nan. Tashinta ba wuya. Tsayuwarta ita ce magana."

Ya ja ni bayan garaji ya nuna mini gawar Land Rover biyu, ba taya, ba inji, ba ƙofa. Ya ce nan ne kantin kayan gyaranta, kuma kantin ya kusa ƙarewa. Abin da ya rage a jikinsu, shi ma ya ci shekara 40. In haƙorin giya ya karye, ko famfon birki ya mutu, sai a aika Maraɗi. In ba a samu ba a aika Kano ko Yamai. Wani lokaci mako biyu, wani lokaci wata biyu, wani lokaci abin ya zo bai shiga ba, don ƙirar ta sha bamban. Ya ɗauko wani ƙulli na tsofaffin sifanu ya ce ko ƙusoshinta da awon Ingila anka yi su, sifanun da yaranshi ke aiki da su ba su kama su daidai, sai su cinye kan ƙusa. Ya ce yaran nan shida da nake gani, ba ko ɗaya da ya taɓa buɗe giyar Land Rover. "Ran da na mutu, ko idona ya tafi, wa zai taɓa muku ita?"

Na ce mishi na ji ana ɗora mata injin Toyota. Ya ce ana yi, shi ma ya yi. Amma injin ya fi ƙarfin giyarta, in direba mai zafin ƙafa ne ba ta shekara. Kuma kuɗin injin da na aikin, in an haɗa da kuɗin motar, an kusa kuɗin wata motar.

Sai na ce to ke nan samari sun yi gaskiya, mu nemi bashi mu ɗauko ta Maraɗi. Ya ce a'a, wannan ma bai ba mu shawara ba. Ga dalilinshi, kuma ina roƙon duk mai niyyar sayen mota ya karanta wurin nan sau biyu. Injin D-4D kwamfuta ce ke ba shi mai. Tana tura gazuwal da ƙarfi ƙwarai ta wasu ƴan ƙofofi da ba su kai bakin allura ba. Shi ya sa ba ya shan mai da yawa, kuma yana da ƙarfi. Amma ba ya haƙuri da datti ko ruwa ko kaɗan. Mu kuwa a daji ina muke shan mai? A kwalba, a bakin kasuwa, daga jarkar da ta kwana cikin ƙura, wani lokaci an gauraya shi da abin da mai sayarwa kaɗai ya sani. Ko da yake tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke tace man ƙasarmu, gidan mai bai kai ƙauye ba tukuna. Ya ce in bututun nan huɗu sunka lalace, kuɗinsu ya kai na shanu, kuma shi ba ya iya gane ciwon da kunne, sai an kai ta Maraɗi an jona mata na'ura. Mota tana kwance a Tarka, na'ura tana Maraɗi, tsakaninsu kwalta kilomita 120 da rairayi.

Ya ƙara da wata magana da ya yi ƙasa da murya kafin ya faɗa. Farar Hilux mai kyan gani tana da masoya da yawa, har da waɗanda ba su saye da kuɗi. Land Rover kuwa, ko ka bar ta da makulli a bakin rijiya, da safe za ka tarar da ita.

Na ce: "Maigida, ka hana mu tsohuwa, ka hana mu sabuwa. Mu koma amalanke?" Ya ce tsakanin kaka da jika ai akwai uwa. In da kuɗi ne, Land Cruiser 79 mai inji 1HZ, tukunya shida, ba kwamfuta, ita ce sarauniyar wagga ƙasa. Amma tun da anka samu zinariya a Djado a 2014 masu haƙa sunka bi ta da kuɗi, ba ta ƙungiyar ƙauye ba ce. Abin da ya dace da mu shi ne Hilux ta kafin 2005, mai taya huɗu na aiki, mai inji 3L ko 5L. Famfon manta na ƙarfe ne, ba kwamfuta. Tana haƙuri da man kwalba in ana canja matata a kan kari. Kayan gyaranta kuwa, sabo da na gwanjo, suna nan Maraɗi, wasu ma a nan Dakoro, kuma kowane yaro a garaji ya san ta. Ya ce mai lafiya za ta kai miliyan 4 da rabi, don tun da anka rufe iyaka da Benin a 2023 motocin da ke shigowa ta Kwatano sunka yanke, na hannu sunka yi tsada.

Na yi dariya a raina. Motar zamanin da za mu saya, wata ma ta kusa sa'ata.

Da na koma gari munka sake zama gaban allo. Na ce mu ɗauka kowace tafiya, bayan an fidda mai da direba da yaron mota, Land Rover za ta bar mana jika 15. Tafiya 12, jika 180 a wata. In ta kwanta wata biyu cikin shekara tana jiran wani ƙarfe daga Kano, jika 360 sun tafi, ban da kuɗin ƙarfen. Baba ya ce wannan zato ne, ba a san za ta kwanta ba. Na ce gaskiya ne, zato ne, amma zaton mutumin da ya yi mata gyara na ƙarshe ne. Sannan munka juya kan ta Maraɗi. Muna da miliyan 3 da jika 200, ana neman 7 da rabi, sai mun ci bashin miliyan 4 da jika 300. Ko da tana barin jika 210 a wata, sai mun yi wata 20 da ɗoriya muna biya, ba a sa ruwan bashi ba, ba a sa taya ba, ba a sa ranar da za ta lalace ba, kuma ba a sa shekarar da damina za ta ƙi ba. Samari ma jikinsu ya yi sanyi.

A nan ne shugabar mata ta nemi magana. Tsohuwa ce, ba ta zuwa aji, amma ba a taɓa kama ta da kuskuren dala ɗaya cikin asusu ba. Ta ce: "Malam, ɗana, duk lissafin nan naku na kasuwa ne. Mu ba don kasuwa munka fasa asusu ba. Tambayata guda ce. In anka buga ƙofar direba da tsakar dare, cikin ruwan Agusta, wace ce za ta tashi ba sai an tara samari sun tura ba? Kuma in ta kwanta, wace ce za ta tashi kafin watan wata ya kama?" Ta ce a yanzu haka mata bakwai ke da ciki a gari, ta san watan kowace. Ta ce kuma kada a sa kuɗin mata cikin bashin da in an kasa biya za a zo a kwashe musu awaki.

Ba wanda ya amsa mata, don amsar tana kan allo.

Ni dai ga ra'ayina, na faɗa a gaban taro, ina kuma faɗa a nan. Mutum ɗaya mai sha'awa, mai wata motar ko mai haƙurin jira, wanda hannunshi ya iya sifana, in ya sayi Land Rover bai yi wauta ba. Araha ce, ƙarfe ne na gaske, ɓarawo bai damu da ita ba, kuma ranar da take tafiya babu tudun da zai gagare ta. Amma motar jama'a, wadda anka saya da kuɗin wake da na asusu don ta kai marar lafiya asibiti, ba a auna ta da ranar da take tafiya. Da zafi na faɗi haka, don ji na yi kamar na ci amanar direban nan mai ƙarfe ja da rawaya.

Anka kaɗa ƙuri'a da tsakuwa cikin ƙwarya uku. Ta makanike ta yi rinjaye da nisa. Saura miliyan 1 da jika 300. An yanke ba za a ci bashi ba. Za a ajiye waken ƙungiya cikin buhunan nan masu riɓi uku har bazara, lokacin da kuɗinshi ke tashi, kuma kowane gida zai ƙara jika biyar bayan an sayar da ragunan layya. Wato sai mun ƙara jira wata biyar ko shida. Wannan jiran shi ne abin da ya fi damuna cikin shawarar duka, don cikin matan nan bakwai, huɗu za su haihu kafin lokacin. Abin da munka iya yi shi ne, an ware jika 60 daga asusu an ba shugabar mata ta riƙe, an kuma yi magana da direbobi biyu a Dakoro, an rubuta lambarsu a bangon aji da manyan baƙaƙe, an ce duk daren da anka kira su su taso, kuɗin mai yana hannu. Matan da watansu ya kama kuma za su sauka wajen dangi a Dakoro tun kafin naƙuda.

In lokacin saye ya yi, makaniken zai bi mutum biyu zuwa Maraɗi, an yi mishi alkawarin ladanshi. Ba a cinikin biri a sama. Ya ce zai je da sassafe ya tashe ta da sanyinta, don dillali yakan ɗumama inji kafin mai saye ya iso. Zai shiga ƙarƙashi ya duba ƙashin bayanta ko an yi mishi walda, don motar da ta sha lodi a nan take tsagewa. Zai fitar da ita bayan gari ya sa ta cikin rairayi ya ga ko tayun gaba na ja da gaske, don akwai waɗanda anka cire musu ƙarfen gaba anka bar rubutun a jiki. Lambar kilomita da ke gaban direba, ya ce kada mu ko kalle ta, ana mayar da ita baya kamar agogo. Kuma ko mai ita ya rantse, ranar da anka saye za a canja bel ɗin cikin inji, don in ya tsinke ana tafiya injin ne ke tafiya da shi. Aikina ni shi ne takardu: in karanta lambar da ke cikin takardar mota da ta duwan, baƙi bayan baƙi, in gwada da wadda anka buga a jikin ƙarfe. Na gaya wa ɗalibai, wanda ya fi kowa iya karanta lambobi kafin bazara, da shi za a tafi. Tun ran nan ba wanda ya yi fashi.

Baba bai ji daɗi ba. Kwana biyu bai zo masallacin unguwarmu ba. A na uku ya aiko a kira ni, ya ce bai janye kuɗinshi daga ƙungiya ba, kuma ba zai janye ba. Amma shi da ƙanenshi sun sayar da bijimai biyu da raƙumi, sun je sun yi magana da magadan nan, an bar musu ita miliyan 1 da jika 200. Ya ce tashi ce, ba ta ƙungiya ba, kada in rubuta ta cikin littafi.

Ran da anka tashe ta ina wurin. An kori kaji, an sa batir, yara shida sunka tura ta har bakin hanya. Ta yi tari sau uku, ta yi hayaƙi baƙi, sannan ta kama. Baba na gaba ya riƙe ƙofa da hannu don makullin ƙofar ya lalace. Da sunka zo tudun farko na ga direba ya kai hannu ya danna mai rawaya. Ta kai gari kafin magariba, mata na guɗa. Zuwa yau da nake rubutun nan ta yi tafiya biyar, ta kwana a hanya sau ɗaya, kuma famfon birkin da anka aika nema Maraɗi bai zo ba tukuna. Baba ya aika wa shugabar mata cewa kafin ta ƙungiya ta zo, duk daren da anka bukaci tashi, in tana tashi, a buga mishi ƙofa.

Masu motocin daji na Kornaka, Sakabal, Bermo da sauran wurare, wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin motocin nan shekara guda cur, ya rubuto mana abin da ya kashe da kwanakin da ta kwanta, mu sa a allo. A ba malamin yaƙi da jahilci na garinku takardar, zai aiko.

Sai wata mai zuwa, da zancen wake, in Allah ya kai mu.

Malamin yaƙi da jahilci, Dakoro